Darasin Kimiyya: Biskit, Cakulan da Ɗigon Ruwa

Ku zauna. Yau ba wanda zai buɗe littafin karatu sai can ƙarshen darasi. Ku dubi teburin nan: ga risho, ga ƙaramar tukunya, ga kwanon silba guda biyu, ga ma'aunin zafi, ga fakitin biskit, ga kuma cakulan sanda uku. Na ga wasu sun fara haɗiyar yawu. Za ku ci, amma sai kun biya da hankalinku tukuna.

Abin da za mu haɗa yau al'adar wasu mutane ce. A Amurka, idan Disamba ta kama, Kirsimeti ya ƙarato, gidaje kan cika da kayan zaƙi da ake zubawa a gwangwani a kai wa maƙwabta da malaman makaranta. Matar da ba ta da sukunin kwaɓa fulawa da kunna obin sai ta sayo biskit na kanti, irin su Oreo da kamfanin Nabisco ya fara sayarwa a 1912, ta narka cakulan, ta tsoma biskit ɗin ciki, ta barbaɗa masa dakakkiyar alawar na'ana'a mai ratsin ja da fari, ta bar shi ya bushe. Ba gashi, ba suya. Suna cewa aiki ne da yaro ma zai iya, kuma gaskiyarsu, domin a watan da suke yin sa dusar ƙanƙara na zuba a yankuna da yawa, ɗakin girki kuma da wuya ya wuce digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas.

Ni da na fara gwadawa, a jajibirin wata Sallah ce da ta faɗo tsakiyar bazara. Na ɗora cakulan a kan wuta kamar mai soya albasa, ya kama, ya yi ƙauri. Na sake wani, ya yi kauri, na ɗiga masa ruwa don ya saki, sai ya dunƙule kamar tuwon jiya. Na ukun ya yi kyau har na tsoma biskit, amma da gari ya waye duk ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba a hunturu. Kuskure uku, kowanne da dalilinsa na kimiyya. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: mene ne cakulan?

Kowa ya karɓi ɗan gutsure. Kada ku ci. Ku karya shi kusa da kunne. Kun ji ya ce ƙas? To ku riƙe rabi a tafin hannu, ku dunƙule, ɗaya rabin ku ɗora a kan harshe, kada ku tauna.

Kafin ya narke, ga asalinsa. Daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa, ba kokon da kuke sha da ƙosai ba, wannan na gero ne. Itacen ɗan asalin dazuzzukan Kudancin Amurka ne, kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa sunan kimiyya Theobroma cacao a 1753. Yau wajen rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, mu ma a Nijeriya ana noma shi a jihohi irin su Ondo, Osun da Kuros Riba. Wanda ya taɓa zuwa Ibadan ya ga dogon benen nan da ake kira Cocoa House, wanda aka kammala a 1965 da kuɗin wannan amfanin gona. Ana fasa kwanson, a kwashe 'ya'yan, a rufe su kwanaki su yi tsami, a shanya, a soya, a niƙa. Kusan rabin nauyin kowane ƙwaya mai ne, shi ya sa idan an niƙa sai ya zama kwaɓi mai gudana, kamar yadda gyaɗa ke yi idan an niƙa ta.

Mutanen Maya da Aztek shan sa suke yi, da ɗaci, wani lokaci har da barkono. Sandar da ke hannunku ƙirƙira ce ta baya-bayan nan. A 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan suka yi rajistar na'urar matse man koko daga garinsa. Da aka sami man a ware, sai kamfanin Fry na birnin Bristol a Ingila ya haɗa gari da sukari da ƙarin mai, ya fitar da sandar cakulan ta ci a 1847. A 1879 kuma Rodolphe Lindt na ƙasar Suwizalan ya gano cewa idan aka daɗe ana murza haɗin cikin inji yakan yi laushi har harshe ya daina jin tsakinsa.

To ku buɗe hannu. Ya fara narkewa ko? Na bakin kuwa tuni ya tafi. Ku rubuta wannan: cakulan daskararren mai ne, wanda aka watsa garin sukari da garin koko a cikinsa, wani lokaci har da garin madara. Garin nan an niƙe shi ƙwarai, kowane ƙwaya bai kai mikron 30 ba, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ruwan da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan jimlar, za mu dawo mata.

Man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Tazarar digiri uku kacal, amma a kanta duk daɗin cakulan ya rataya: a kan faranti yana nan da ƙarfinsa, a baki kuwa ya zama ruwa. Kun kuma lura da ɗan sanyin da kuka ji a harshe? Kowane daskararren abu sai ya ja zafi daga abin da ke kusa da shi kafin ya narke. Daga harshenku ya ja.

Na biyu: mai ɗaya, siffa shida

Nan ne zuciyar darasin, don haka zan ɗan daɗe.

Kun san man ja idan hunturu ya yi, mukan ce ya yi barci. Kun san man shanu, idan aka narka shi aka bar shi ya huce, wani lokaci ya daskare sumul, wani lokaci ya yi tsaki-tsaki. Me ya sa mai ɗaya zai daskare iri biyu? Mai ya ƙunshi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, masana na kiransu molekul. Yayin da man ke ruwa, suna yawo ne barkatai kamar jama'a a kasuwa. Idan sanyi ya zo sai su rage gudu, su fara jeruwa bisa tsari. Wannan jeri mai tsari shi ake kira kiristal. Gishiri kiristal ne, sukari ma haka, ƙanƙara ma haka.

Ku tuna hoton dalar gyaɗa ta Kano da ke littafin tarihinku. Buhuna ne dai. Idan ƙwararrun 'yan dako suka jera su, kowane buhu ya zauna daram a kan biyu na ƙasa, dala ta tsaya, iska ba ta motsa ta. Idan kuwa aka jibge su daga mota cikin gaggawa, tsibi za a samu mai ramuka, da ka taɓa ya zube. Buhunan ba su canza ba, jerin ne ya bambanta.

Ƙwayoyin man koko suna iya jeruwa ta hanya shida. Masu bincike biyu, Wille da Lutton, su suka lissafa su a 1966, aka ba su lamba daga ɗaya zuwa shida. Ku kwafa daga allo. Siffa ta 1 tana narkewa a wajen digiri 17, ta 2 a 23, ta 3 a 25, ta 4 a 27, ta 5 a 34, ta 6 a 36. Me kuka lura? Yawwa, ke ta baya: iya matsewar jerin, iya zafin da ake bukata kafin a wargaza shi.

Huɗun farko su ne tsibin da aka jibge. Cakulan da ya daskare a cikinsu ba ya ƙyalli, ba ya ƙara idan an karya shi, yana lanƙwasa, kuma da ka taɓa shi ya shafe maka yatsa, tunda yatsanka ya fi digiri 27 zafi. Ta shida ta matse fiye da kima, ba ta saurin narkewa a baki, kuma ba a samunta kai tsaye daga narkakken cakulan, sai sanda ta yi watanni a ajiye. Ta biyar ita ake nema. Ita ce mai ƙyalli, mai cewa ƙas, mai jure riƙon hannu na ɗan lokaci. Tana da wata baiwa kuma: idan ta daskare takan ɗan tsuke, shi ya sa sanda ke fita daga mazubinta a masana'anta ba tare da an ɓamɓare ta ba.

Sandar da kuka saya a kanti a siffa ta biyar take, masu yin ta sun sha wahala kafin su kai ta nan. Da zarar kun narka ta gaba ɗaya, kun rushe dalar. Idan kuka bar ta ta huce yadda ta ga dama, siffofin gaggawa ne za su riga kafuwa, domin jibgewa ta fi jerawa sauri. Daga baya, a hankali, ƙwayoyin za su riƙa sauya zama suna neman jeri mai ƙarfi, a cikin wannan motsi ne wani man ke fitowa sama ya kwanta fari-fari. Abin da ya sami biskit ɗina na uku ke nan. Ba fumfuna ba ce, ba ta cutarwa, sai dai ba wanda zai so ya kai wa surukarsa irin wannan.

Na uku: narkarwa

Wani ya zuba ruwa a tukunya, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Mu ɗora. Da ya fara ƙananan kumfa a gindi, mu kashe wuta. Yanzu mu aza kwano a bakin tukunyar, ya rufe ta ruf, gindinsa kuma kada ya taɓa ruwan. Cakulan ɗinmu giram 300 ne. Mun yayyanka shi ƙanana, mun ware giram 100 gefe, 200 za su shiga kwano.

Me ya hana mu ɗora shi a kan wuta kai tsaye? Ku yi tunanin miya. Muddin akwai ruwa a tukunya, zafinta ba zai wuce digiri 100 ba, domin duk ƙarin zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi. Ruwan kuma yana juyawa da kansa, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka. Cakulan ba shi da ruwan da zai kare shi, ga shi da kauri, ba ya juyawa. Na gindin kwano sai ya ƙone alhali na sama bai ko motsa ba. Tururi kuwa zafinsa mai taushi ne, yana bin gindin kwano ko'ina daidai.

Ku riƙa juyawa da busasshen cokali. Baƙin cakulan kada ya wuce digiri 50. Mai madara da fari kada su wuce 45, saboda garin madara ba ya jure zafi. Ku lura, digiri 50 ɗin nan bai kai zafin shayin da kuke sha da safe ba.

Na huɗu: ɗigon ruwa

An ce gani ya kori ji. Na ɗebi cokali uku na narkakken cakulan na zuba a kwano na biyu. Ku matso. Yana zuba kamar zuma ko? Ga ɗigon ruwa uku daga yatsana. Ina juyawa. Ku duba.

Ya dunƙule. Ƙyallin ya tafi, ya zama gudaji, cokali ma da ƙyar yake motsi. Wa zai gaya mini dalili? Ruwa ai tsinka abu yake yi, ya aka yi nan ya ƙara kauri?

Ku koma kan jimlar da kuka ja wa layi. Cakulan busasshen gari ne cikin mai. Sukari masoyin ruwa ne, mai kuwa ba ya shiri da ruwa. Da ɗigon ya shiga, man ya ƙi karɓarsa, sai ya tafi wurin sukari. Ƙwayoyin sukarin da suka jiƙe suka yi danƙo, suka manne da juna, ƙanana dubbai suka zama manyan dunƙule, man da ke zagaye da su ya kasa ɗaukarsu. Kun taɓa sa jiƙaƙƙen cokali a gwangwanin sukari? Haka yake. Ko ku tuna yashi: busasshe yana zuba ta tsakanin yatsu, mai danshi yana dunƙulewa har yara su gina ɗaki da shi, idan kuma aka tuttula masa ruwa da yawa sai ya sake gudana.

Wannan misalin yashi ya ba ku maganin. Ga madara mai ɗumi, ina zubawa cokali-cokali ina juyawa. Kun ga ya fara saki? Yanzu ruwan ya isa ya narkar da sukarin duka. Amma ku sani, wannan ba zai ƙara daskarewa da ƙarfi ba har abada. Ya zama abin shafa wa burodi ko zubawa a kan kek. Ba asara aka yi ba, sai dai ya tashi daga aikin tsoma biskit.

Saboda haka kwano, cokali, wuƙa da hannu, duk su bushe ƙarau. Kada a rufe kwanon da murfi, domin tururi zai taru a cikin murfin ya ɗigo. Idan za a sauke kwano daga tukunya a goge gindinsa da tsumma. Mai son ya rina farin cakulan ya zama ja ko kore kada ya yi amfani da kalar abinci ta ruwa wadda ake sa wa kek, akwai ta mai da aka yi musamman don wannan.

Na biyar: horar da cakulan

Mu koma babban kwanonmu. Ma'auni ya nuna 48, komai ya narke, babu sauran kiristal ko ɗaya. Aikinmu yanzu mu sa ƙwayoyin su jeru a siffa ta biyar kaɗai. Wannan aiki ni ina kiransa horo, don kamar horar da doki ne, ba a yi da ƙarfi.

A masana'anta sukan sauko da zafin zuwa wajen digiri 27, inda siffa ta huɗu da ta biyar ke kafuwa tare, sannan su ɗaga shi zuwa 31 ko 32. Ku dubi allo ku gaya mini hikimar. Madalla. A 32 ta huɗu ta narke, tunda iyakarta 27, ta biyar kuwa tana nan, tunda sai 34 take narkewa. An tace ke nan, da zafi kawai.

A gida akwai hanyar da ta fi sauƙi, ita ce dalilin ware giram 100 ɗin nan. Shi bai narke ba, yana nan a siffa ta biyar tun daga masana'anta. Mun sauke kwano, muna zuba shi kaɗan-kaɗan muna juyawa. Aiki biyu yake yi. Yana sanyaya kwaɓin, domin yana jan zafi wajen narkewa. Yana kuma sakin ƙananan kiristal na siffa ta biyar, su kuma ƙwayoyin da ke yawo idan suka tarar da jeri a kafe sai su bi sahu. Wani zai ce kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta zama kindirmo. Kamannin na waje ne: a nono ƙwayoyin halitta masu rai ne ke hayayyafa, nan kuwa babu mai rai, tsari ne kawai ake kwaikwaya. Kada in ga wani ya rubuta mini a jarrabawa cewa cakulan na tsami.

A ci gaba da juyawa har ma'auni ya sauko 31 zuwa 32 ga baƙi, 29 zuwa 30 ga mai madara, fari kuma ƙasa da haka kaɗan. Idan akwai gutsuren da ya ƙi narkewa a tsame shi. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga kaɗan a ƙasan leɓensa na ƙasa: in ya ji ɗumi, da saura; in ya ji ɗan sanyi-sanyi, an kusa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuƙa. A tsoma bakin wuƙa a ajiye. A ɗaki mai sanyi, cikin minti uku zuwa biyar zai kama, ya yi ƙyalli. In ya wuce minti goma yana jiƙe, horo bai yi ba, a ƙara gutsuren cakulan da bai narke ba a ci gaba da juyawa.

Yanzu ga matsalarmu. Ta yaya za ka sauko da abu zuwa digiri 31 a ɗakin da shi kansa yake digiri 38? Ba zai yiwu ba. Zafi daga mai zafi yake tafiya zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya da kansa. Shi ya sa na sa wannan darasi a wannan zango, da sassafe, iskar hunturu na kaɗawa. Hunturu aboki ne ta fuska biyu, ga sanyi ga bushewar iska. Sai dai a rufe taga saboda ƙura. A watan Afrilu kuwa, in ba ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba, kada ku wahalar da kanku da horo.

Na shida: hanyar da ba ta bukatar horo

To in Sallah ta faɗo a zafi fa? Akwai wani nau'i da masu kek ke saya, wanda aka cire masa man koko aka maye gurbinsa da man ƙwarar kwakwar manja da aka sarrafa. Shi wannan man hanya ɗaya yake bi wajen daskarewa, don haka narka shi kawai ake yi a tsoma. Ya fi araha, wasu irinsa kuma sun fi jure zafi. Abin da aka rasa shi ne ɗanɗano: yakan bar wani maiƙo a ganɗa kamar an lashi kyandir. Ku duba jerin kayan haɗi a bayan fakiti, nan za ku ga ko man koko ne a ciki ko wani man. Da yawa daga masu yin wannan biskit a Amurka ma da irin wannan suke yi, shi ya sa suke cewa da sauƙi. A ganina, ga biskit ɗin da za a raba wa yara su cinye a yini ɗaya, ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya dai, kada ku gauraya shi da cakulan na gaske da nufin ku sami alherin duka biyun. Mayukan biyu ba sa jeruwa tare, haɗin sai ya fi kowannensu laushi.

Wasu kan ƙara cokalin man kwakwa don kwaɓin ya tsinke. Yana tsinkewa, amma man kwakwa a wajen digiri 24 yake narkewa, ku lissafa da kanku abin da zai faru a aljihun yaro ranar yawon Sallah.

Akwai man da ke shiri da man koko, kuma kun san shi sarai: man kaɗanya. Wani sashe nasa ƙwayoyinsa sun yi kama da na man koko har suna iya jeruwa tare. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wasu mayukan itatuwa guda shida a cakulan, kada su wuce kashi 5 cikin 100, kuma kaɗanya na cikinsu. Wato 'ya'yan kaɗanyar da mata ke tsinta a dazukan Neja da Kwara da Kebbi, da na Burkina Faso da Mali da arewacin Ghana, wasunsu a cikin sandar cakulan suke ƙarewa. Ban ce ku je ku zuba man kaɗe na kasuwa a kwano ba, na masana'anta tacacce ne, an ware sashen da ake so.

Na bakwai: tsomawa da busarwa

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Biskit ya zama busasshe, kuma ba daga firij ya fito ba. A riƙe gefe a tsoma rabi, ko a ɗora shi a kan cokali mai yatsu a nutsar da shi duka, a ɗaga, a ɗan bubbuga a bakin kwano rarar ta zube, a ajiye a kan takarda mai santsi ta masu gashin kek. Abin barbaɗawa a sa shi nan take kafin saman ya kama: soyayyar gyaɗa dakakkiya, riɗi, ko busasshiyar kwakwa. Ni riɗi na fi so a kan baƙin cakulan. Giram 300 zai ishi biskit wajen 25 in rabi-rabi ake tsomawa. Idan kwaɓin ya fara kauri, a mayar da kwanon kan tururi na daƙiƙa kaɗan, a kula kada ya wuce 33, in ba haka ba dala ta sake rushewa.

Ku lura da wata fa'ida. Biskit yana ƙaras-ƙaras ne saboda an gasa shi har ruwansa ya kusa ƙarewa, kuma da ya sami iska mai laima yake tsotsa ya yi laushi. Rigar mai da muka sa masa tana tare laimar. Wanda aka lulluɓe duka ya fi wanda aka tsoma rabi daɗewa.

Saura maganar firij, inda mutane da yawa ke faɗawa. In ɗakin da zafi, a sa tiren a firij minti goma zuwa sha biyar, ba a sashen ƙanƙara ba. Haɗarin yana wajen fitarwa. Kun ga yadda ledar ruwan sanyi ke gumi idan an fito da ita? Ba daga ciki ruwan ke fitowa ba, tururin da ke cikin iska ne ke taɓa sanyi ya koma ruwa, kamar raɓa. Idan raɓar nan ta sauka a kan cakulan sai ta narkar da sukarin saman, ta bushe, ta bar shi fari mai gautsi. Fari-fari iri biyu ke nan yanzu. Ga yadda ake bambance su: a shafa da yatsa, na mai yana da santsi kuma yana ɓacewa da ɗumin yatsa, na sukari yana da kaushi kamar rairayi. Maganinsa, a zuba biskit a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, in an fito da shi daga firij kada a buɗe sai ya huce, raɓar ta sauka a kan murfi.

Wanda ke da kare a gida ya kiyaye. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyoburomin, wanda jikinmu ke sarrafawa ba wahala, jikin kare kuwa yana daɗewa bai fitar da shi ba, har ya zame masa guba. Baƙin ya fi yawansa.

Ga wuƙarmu ta ɗazu, ta kama, tana ƙyalli. Layin farko su taso su wanke hannu, su goge shi sosai, kowa ya ɗauki biskit biyu.

Aikin gida

Ku sayi ƙaramar sandar cakulan ta gaske, ku raba uku. Kashi na farko ku ajiye yadda yake. Na biyu ku narka shi gaba ɗaya a kan tururi, ku zuba a takarda, ku bar shi ya daskare ba horo. Na uku ku sa a firij awa ɗaya, ku fito da shi ku ajiye a buɗe kusa da tukunyar da ke tafasa, inda tururi ke ɗan shafarsa amma zafi ba ya narka shi. Kullum har kwana biyar ku rubuta launin kowanne, yadda yake ji a yatsa, da zafin ɗakin in kuna da ma'auni. Ran na biyar ku karya kowanne kusa da kunne, ku rubuta abin da kuka ji. Ku zo da duka ukun ranar Litinin. Wanda ya ce ƙaninsa ya cinye, zai maimaita gwajin da kuɗinsa.